Nauyi da Kauri a Gudanar Laka, Jini da Gasara

Duk abin da ke gudana, sassansa ba sa tafiya da sauri ɗaya. Ruwan da ke bin bututu, wanda ya taɓa bangon bututun kusan a tsaye yake, na tsakiya kuwa shi ya fi gudu, saboda haka kowane sashe yana gogar na kusa da shi yana riƙe masa ƙafa. Gwargwadon wannan riƙo shi ne kaurin abin. A littafinsa Principia na 1687, Isaac Newton ya ɗauka cewa riƙon yana tafiya daidai da saurin gogayyar: idan sauri ya ninku, ƙarfin da ake buƙata ya ninku, kauri kuma yana nan yadda yake. Ruwa, kananzir, man gyaɗa, iska da mafi yawan zuma duk suna bin wannan ƙa'ida. Muddin zafinsu bai sauya ba, ko a juya su a hankali ko a juya da ƙarfi, kaurinsu ɗaya ne.

Abubuwa da dama da ake mu'amala da su kullum ba sa binta. Fenti, kindirmo da jini tsinkewa suke yi idan aka ƙara musu motsi. Ɗanyar gasara da sitacin da aka dama da ruwa kaɗan akasin haka suke yi: a yi musu gaggawa su sandare, a bi su sannu su malala. Man goge baki, laka da ɗanyen kankare ba sa motsawa sam sai ƙarfin da aka sa musu ya wuce wani mataki. Wannan mataki shi ne turjiyar farko, wadda masanin sinadarai na Amurka Eugene Bingham ya bayyana a 1916. Akwai kuma masu yauƙi, irin miyar kuɓewa da karkashi, waɗanda ke miƙewa kamar zare sannan su ja da baya. Dukkansu ana kiransu abubuwa masu gudana da suka saɓa wa ƙa'idar Newton, kuma abin da ya haɗa su shi ne ba tsagwaron ruwa ba ne. A cikinsu akwai ƙwayoyi, ko ɗigon mai, ko kumfa, ko dogayen zaren sinadari, waɗanda tsarinsu ke sauyawa idan aka motsa su.

Densiti kuwa nauyin abu ne gwargwadon wurin da ya cika, kuma hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a auna nauyin lita ɗaya. Litar ruwa kilo 1 ce, ta man gyaɗa kimanin kilo 0.91, ta zuma wajen kilo 1.4, ta zaiba kuwa ta haura kilo 13.5. Mutane sukan ɗauka abu mai kauri shi ne mai nauyi, amma waɗannan alƙaluma sun isa su warware wannan zato. Zaiba ta fi ruwa nauyi ninki 13 da ɗoriya, amma kaurinta kimanin ninki ɗaya da rabi ne kawai na ruwa. Man gyaɗa yana tasowa saman ruwa, alhali ya fi shi kauri sau gommai. Idan aka ɗumama ruwa daga digiri 20 zuwa 80, nauyin litarsa ba ya raguwa da fiye da kashi 3 cikin 100, kaurinsa kuwa yana komawa kusan sulusin yadda yake. Kumfar aski iska ce ta fi yawa a cikinta, nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na ruwa ba, duk da haka tana tsayawa cak a tafin hannu. A lissafin da ke bayyana yadda kaurin irin waɗannan abubuwa ke sauyawa, na Bingham ne ko wanda Herschel da Bulkley suka faɗaɗa a 1926, densiti bai fito ko sau ɗaya ba.

Ruɗanin yana da asali. Idan aka ƙara gari ko ƙasa a ruwa, nauyi da kauri tare suke hawa, sai a zaci ɗaya ne ya haifi ɗaya. Albert Einstein ya yi lissafin wannan a 1906, ya gyara shi a 1911: idan ƙananan ƙwayoyi masu siffar ƙwallo ba su da yawa a cikin ruwa, duk kashi 1 cikin 100 na wurin da suka cika yana ƙara kauri da kashi 2.5 cikin 100. Wurin da suka cika ake dubawa, ko na dalma ne ko na roba. Yayin da ƙwayoyi ke ƙara cunkushewa, kauri yana hawa da saurin da ya zarce wannan lissafi nesa ba kusa ba, har idan ƙwallaye masu girma ɗaya suka cika wajen kashi 64 cikin 100 na wurin, gudana ta tsaya gaba ɗaya. Shi ya sa a masana'antar da ke sarrafa kwaɓi iri ɗaya, auna nauyin lita yakan nuna yawan ƙwayoyin da ke ciki, daga nan a yi hasashen kauri. Hasashen yana aiki ne muddin kayan haɗin ba su sauya ba. Da an canza irin ƙasar ko laushin niƙan, sai ya rushe.

Inda densiti ya fi taka rawa shi ne inda nauyin abin kansa ne ke tura shi. Yaɓen da birkila ya watsa a bango yana ɗauke da nauyin kansa, kuma sashen da ke manne da bangon shi ke riƙe da dukkan wanda ke gabansa. Ƙarfin da ke jan wannan sashe ƙasa ana samunsa ne idan aka ninka densiti da ƙarfin jan ƙasa da kuma faɗin yaɓen daga bango zuwa fuskarsa. Idan bai kai turjiyar farko ba, yaɓe ya zauna. Idan ya wuce, ya sulale. A ɗauka kwaɓi yana da turjiyar faskal 300 (faskal ma'aunin matsi ne), litarsa kuma kilo 2 ce: ba zai riƙe kansa ba idan ya wuce kimanin santimita 1.5. Da za a sami kwaɓi mai irin wannan turjiya amma rabin nauyin, da ya riƙe santimita 3. Wannan ne dalilin da ya sa magini ke yin yaɓe mai kauri hawa-hawa, ya bar na farko ya sha iska kafin ya ɗora na biyu, shi ne kuma dalilin zubewar fenti idan burushi ya ɗebo da yawa. Ruwan da ke bin ƙa'idar Newton ba shi da irin wannan iyaka. Komai sirantarsa zai gangaro, nauyi sauri kawai yake ƙara masa. Ga mai turjiya kuwa, nauyi ne ke yanke hukuncin ko za a motsa ma tun farko.

Gwajin da injiniyoyi ke yi wa ɗanyen kankare a wurin gini ya ginu ne a kan haka. Akan cika wani mazubin ƙarfe mai tsayin santimita 30, faɗin gindinsa 20, bakinsa 10, a daddanna, a zare shi sama, sannan a auna yawan zaman da kankaren ya yi. Kankare yana zubewa har sai tsayinsa ya ragu zuwa inda nauyinsa ba zai iya karya turjiyarsa ba. Kankare na yau da kullum yana kai wajen kilo 2.4 a kowace lita, kuma wanda aka haɗa da tsakuwa mara nauyi yakan nuna ƙaramin zama ko da laushinsu a hannun ma'aikaci ɗaya ne. Wanda bai san da wannan ba sai ya ƙara ruwa don alƙalami ya yi daidai, ya rage wa gini ƙarfi a banza.

A kan tsauni, lissafin nan rayuka yake ci. Ambaliyar laka da ke gangarowa daga dutse takan kai kusan ninki biyu na nauyin ruwa. Dutsen da litarsa ke da kilo 2.65, idan ya nutse a ruwa yana riƙe da wajen kashi 62 cikin 100 na nauyinsa, amma a cikin laka mai kilo 2 abin da ya rage masa bai wuce rubu'i ba, ragowar kuma turjiyar lakar tana taimakawa wajen ɗauke shi. Shi ya sa ake ganin manyan duwatsu suna tafiya a saman irin wannan ambaliya. A daren 13 ga Nuwamba 1985, aman wutar dutsen Nevado del Ruiz a Kolombiya ya narkar da ƙanƙarar da ke ƙololuwarsa, ruwan ya kwashi toka da ƙasa ya bi kwaruruka, ya binne garin Armero, inda mutum fiye da 20,000 suka rasu.

Bayan nauyin abin gaba ɗayansa, akwai bambancin nauyi tsakanin ƙwayoyi da ruwan da suke ciki, kuma wannan ya fi ɓoyuwa ga ido. George Stokes ya nuna a 1851 cewa saurin nutsewar ƙaramar ƙwaya yana tafiya daidai da wannan bambanci, kuma idan faɗin ƙwayar ya ninku biyu, saurin ya ninku huɗu. Ƙwayar sitaci tana da nauyin kusan ninki 1.6 na ruwa. Idan aka jiƙa masara aka niƙa aka tace, aka bar ta ta kwana, ƙwayoyin suna sauka ƙasa, ruwa ya kwanta a sama a tsiyaye shi. Gasarar da ta rage a gindin roba ba ta zama daidai da ruwan da aka tace jiya ba: a caka mata ludayi da ƙarfi ta tsage kamar busasshiyar ƙasa, a ɗora guntunta a tafin hannu ta narke ta bi tsakanin yatsu. Kayan haɗin ba su sauya ba. Nutsewa ce ta cunkushe ƙwayoyin har suka kai matakin da dannawa ke korar siririn ruwan da ke tsakaninsu, su gogi juna su cije. Ta wannan hanya bambancin nauyi ke mayar da abu ɗaya zuwa biyu masu hali daban, tsararo a sama, mai sandarewa a ƙasa.

Wannan nutsewa ta daɗe tana ɓata wa masu bincike aiki, har ya zama al'ada su narkar da gishiri mai nauyi, na sinadarin sisiyam, a cikin ruwan don nauyinsa ya zo daidai da na sitacin. A 2009 wasu masu bincike a Faransa da Holan, cikinsu har da Daniel Bonn, sun gwada ƙananan ƙwallayen roba a cikin ruwan da suka riƙa sauya wa nauyi. Da nauyin ya zo daidai, turjiyar farko ta ɓace sai dab da cikar cunkoso. Da aka sami ɗan bambanci, ƙwallayen suka danne juna, turjiya ta bayyana. A irin wannan kwaɓi, ke nan, abin da ake ɗauka halin kayan ne ashe aikin nauyi ne.

Bonn ɗin ne kuma, tare da abokan aikinsa, ya yi nazarin yashi mai zurma mutum a 2005, bayan ya ɗebo samfuri a wani tafkin gishiri kusa da birnin Kum na Iran. Haɗi ne na lallausan yashi, yumɓu da ruwan gishiri. A zaune yana da turjiya, amma da an taka shi tsarinsa ya rushe ya koma ruwa-ruwa, yashin ya sauka ya danƙare a kewayen ƙafa. Nauyinsa kusan ninki biyu ne na jikin mutum, don haka mutum ba ya nutsewa gaba ɗaya, yakan tsaya ne wajen ƙugu. Fita ce ke da wuya: sun lissafa cewa zare ƙafa da saurin santimita 1 a daƙiƙa yana buƙatar ƙarfin da zai ɗaga matsakaiciyar mota. Haɗarin gaske shi ne ruwa ya taso ya tarar da mutum a kafe.

Jini ma ƙwayoyi ne a cikin ruwa. Jajayen ƙwayoyi suna cike kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na jinin baligi, litarsu tana kai wajen kilo 1.1, ta ruwan jinin kuma wajen 1.025. Idan jini yana tafiya a hankali, ƙwayoyin suna jeruwa a kan juna su yi curi, kauri ya ƙaru, idan ya yi sauri su rabu su miƙe, kauri ya ragu. A asibiti akan zuba jini a siririn bututu har ya kai tsayin milimita 200, a bar shi a tsaye awa ɗaya, a ga iya inda jajayen ƙwayoyi suka sauka. Kumburi a jiki yana ƙara sinadaran da ke sa su curewa, curi kuma ya fi ƙwaya ɗaya saurin nutsewa. Ga mai cutar sikila, wasu ƙwayoyin suna rasa ruwa su fi na lafiya nauyi, amma saukarsu a wannan gwaji takan yi jinkiri, domin lanƙwasasshiyar siffarsu ba ta barin su jeru. A 1920 likitan Ingila Arthur Boycott ya lura cewa idan bututun ya karkace, ƙwayoyin sun fi saurin sauka, saboda tazarar da za su yi kafin su taɓa bango gajera ce, daga nan su sulale ƙasa a dunƙule.

Babu sana'ar da ta raba nauyi da kauri a aikace kamar haƙar rijiyar mai. Lakar da ake turawa cikin rami tana da aiki biyu da ba su da alaƙa da juna. Dole ta kwaso ɓarɓashin dutse zuwa sama, ta kuma riƙe shi idan injin ya tsaya. Dole kuma nauyinta ya danne gas da mai da ruwan da ke cikin dutse kada su kutso. Na farko aikin yumɓun bentonait ne, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke kumbura a ruwa ya ba da turjiya ba tare da ya ƙara nauyin kirki ba, yana tsinkewa idan ana turawa, ya daskare idan an bar shi. Na biyu aikin barait ne, ma'adinin da litarsa ke kai wajen kilo 4.2, wanda ake haƙowa a Najeriya a wurare irin su Azara ta jihar Nasarawa. Dalilin zaɓensa lissafi ne. Don a kai laka zuwa kilo 1.8 a lita, barait zai cika kusan kashi 25 cikin 100 na wurin. Da yashi za a yi amfani, mai kilo 2.65, sai ya cika kusan kashi 48, abin da famfo zai sha wuya kafin ya tura. Duk mita 10 na ruwa suna danna ƙasa da kusan matsin iskar duniya guda, don haka a zurfin mita 3,000 ruwa zalla yana ba da ninki 290, laka mai kilo 1.5 kuma wajen 435.

Tsakanin iyaka biyu ake tafiya. Idan laka ta cika nauyi sai ta tsaga dutse ta zurare ciki, idan ta gaza sai gas ya shigo. A ranar 20 ga Afrilu 2010, a dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon da ke mashigin tekun Mekziko, ana cikin maye gurbin laka mai nauyi da ruwan teku, alhali simintin da ke gindin rijiyar bai toshe ta ba, gas ya taso ya kama da wuta, ma'aikata 11 suka mutu. Barait kansa yana da tasa matsalar. Saboda ya fi ruwa nauyi sosai, a ramin da aka haƙa a karkace yakan kwanta a bangon ƙasa ya sulale, daidai da abin da Boycott ya gani a jini, sai laka ta zama mai nauyi a wani wuri, mara nauyi a wani. Masu haƙar rijiyar burtsatse kuwa, damuwarsu ta juya: ba kasafai suke buƙatar ƙarin nauyi ba, ramukan lakar da suke tonawa kusa da injin ma don yashi ya kwanta ne kafin lakar ta koma, domin laka mai nauyi tana kutsawa cikin jijiyar ruwa ta toshe ta.

Densiti yana kuma shiga ta hanyar ƙarfin tafiya. Abu mai nauyi da ya ɗauki gudu yana da wuyar tsayarwa ko karkatarwa. A 1883 Osborne Reynolds, a Manchesta, ya saki siririn launi a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi, ya ga a ƙaramin sauri launin yana tafiya a miƙe, a babban sauri ya hautsine. Ya gano cewa idan aka ninka densiti da sauri da faɗin bututu, aka raba da kauri, hautsini yana farawa ne idan amsar ta haura wajen 2,000. Ga abubuwan da kaurinsu ke sauyawa daga bango zuwa tsakiyar bututu, Metzner da Reed sun gyara lissafin a 1955. A gudu mai natsuwa cikin bututun da ke kwance, kusan kauri ne kaɗai ke cin ƙarfin famfo, amma da an shiga hautsini nauyi ne ke kan gaba. Dogayen zaren sinadari suna iya kwantar da hautsinin: B. A. Toms ya ba da rahoton haka a 1948, kuma a 1979 aka fara zuba ɗan ƙanƙanin irin wannan sinadari a bututun mai na Alaska don rage gogayya, adadin da bai isa ya sauya nauyin litar man ba.

Wajen awo, na'urar da ta dogara da zuba tana gauraya abubuwan biyu. Mazurarin Marsh da ake amfani da shi a wurin haƙar rijiya ana cika shi da lita 1.5 ta laka, a ƙirga daƙiƙun da mililita 946 za ta ɗauka kafin ta zuba. Ruwa zalla yana ɗaukar daƙiƙa 26. Laka mai nauyi tana tura kanta ta bakin mazurarin da ƙarfi fiye da mara nauyi, don haka laka biyu masu kauri daban za su iya ba da lokaci ɗaya. Shi ya sa ake auna nauyin lita daban a kan ƙaramin sikeli, a kuma auna kauri da na'urar da ke juya silinda a cikin lakar da sauri iri-iri, galibi zagaye 600 da 300 a minti, sannan a sauko har zuwa 6 da 3, inda ake ganin ko lakar za ta iya riƙe barait da ɓarɓashin dutse idan famfo ya tsaya.